Tuba da Sabon Rai: Sauyin Rayuwar Maguzawan da Suka Shiga Kiristanci a Ƙasar Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Kano sun fi ba da ƙarfi a kan birni da sarautarsa da malamansa da fataucinsa. Saboda haka akan manta da cewa a ƙauyukan yamma, wato wajejen Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da Rogo, akwai Hausawan da ba su musulunta ba, waɗanda ake kira Maguzawa, kuma a cikin ƙarni na 20 wasunsu sun karɓi addinin Kirista. A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu duba abin da waɗannan mutane suke nufi idan sun ce mutum ya tuba ya sami sabon rai. Abin da muke so mu nuna shi ne, ko da yake Turawan mishan ne suka kawo koyarwar, ma'aunin da aka auna ta da shi na ƙasar Hausa ne, kuma a cikin gida da gona aka fi jin nauyinta.

2.0 Rayuwar Maguzawa Kafin Zuwan Mishan

Bayan jihadi, sarakunan Kano sun bar Maguzawa a kan al'adarsu, suna biyan jiziya. Bamaguje ya san akwai Allah, amma harkarsa ta yau da kullum da iskoki yake yin ta, irin su Kure da Inna da Gajimare. Kowane gida yana da wurin tsafinsa, inda maigida yake yanka akuya ko kaza mai launin da iskar ta fi so, musamman a gabanin shuka da bayan girbi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya bayyana wannan tsari a littafin da ya buga a 1946, ya kuma nuna yadda Musulunci ya riga ya ratsa tunaninsu da kalmominsu.

Abin lura a nan shi ne, tsafi da noma da zumunci a ɗaure suke wuri guda. Gidan Bamaguje babba ne, 'ya'ya da ƙanne suna noma gandu a ƙarƙashin maigida, mata kuma suna fita gona, suna da gayaunarsu. Giya ita ce abin karɓar baƙo, da ita ake gayya, da ita ake biki da makoki, kuma dafa ta sana'a ce ta mata. To, duk addinin da zai hana mutum tsafi da giya, lalle ne ya taɓa gandu da aure da abin hannun mata.

3.0 Zuwan Mishan Ƙasar Kano

Ƙofar Kano ba ta buɗe wa mishan da wuri ba. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya iso birni, Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Likita Miller, wanda yake cikin ayarin, daga baya ya zauna a Zariya a 1905, aka mai da aikin Wusasa a 1929. Gwamnatin Turawa kuwa ta riƙe alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna a 1903 na cewa ba za a taɓa addini ba, don haka ta daɗe tana hana mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi.

Sai a cikin shekarun 1930 aka sassauta, aikin magani kuwa shi ya buɗe hanya. Ƙungiyar S.I.M., wadda Gowans da Kent da Bingham suka fara a 1893, ta karɓi kula da kutare a Yadakunya a 1937, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Daga nan aka kafa tashoshi a karkara, kamar Roni da Kabo da Ƙaraye, da kuma makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. A 1954 aka kafa ikilisiyar E.C.W.A., wadda daga baya ta gaji aikin S.I.M. Yawancin wa'azin da aka yi a gidajen Maguzawa baƙaƙen fata ne suka yi shi, wato masu bishara daga kudancin Zariya da Filato, da 'ya'yan Maguzawan da suka yi karatu suka komo gida. Haka kuma yunƙurin da aka sa wa suna Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso a farkon shekarun 1960, ya zo daidai da rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello. Ke nan Bamaguje ya sami kansa a tsakanin kira biyu, kowanne yana ce masa ya tuba.

4.0 Ma'anar Tuba

Kalmar tuba daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma tun kafin zuwan mishan, idan aka ce Bamaguje ya tuba, ana nufin ya musulunta. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki na 1932 ba su da wata rijiya da za su ɗebi kalmomi sai wadda Musulunci ya riga ya cika: Allah, zunubi, addu'a, annabi, mala'ika, tuba. Fassarar 1979 ma ta ƙara matsowa, inda ta fifita Almasihu a kan Kristi. Bisa koyarwar S.I.M., tuba al'amarin zuciya ne, wanda suke kira sabuwar haihuwa: mutum ya yarda shi mai zunubi ne, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, sa'an nan Ruhu Mai Tsarki ya sāke halinsa har ya yi zaman da zai gamshi Allah. Ayyuka, a wurinsu, 'ya'yan bangaskiya ne, ba su ne ke sayo ceto ba.

Amma zuciya ba a ganinta. Abin da dattawan ikilisiya da maƙwabta suke iya gani shi ne hali, don haka aka sami alamomi sanannu da ake duba mai neman baftisma da su.

Na farko shi ne rabuwa da tsafi. Wanda ya tuba yakan fito da layu da guraye da kayan bori a ƙone su a gaban jama'a, ya daina ba da nasa rabon na dabbar yanka. Wannan shi ne mafi wuya, domin idan yaro ya yi ciwo ko damina ta yi gardama, dangi sukan ce iskar gida ce ta yi fushi saboda shi. Sau da yawa ƙarshen abin shi ne ya fita daga gandu ya kafa nasa gida.

Na biyu shi ne barin giya. Mai tuba ya daina sha, matarsa ta daina dafawa, dawar da ake jiƙawa ta koma rumbu. Riba ce ta wani gefe, amma matar ta rasa sana'arta, mijin kuma ya rasa abin da yake kiran gayya da shi. A nan ne taimakon juna na 'yan ikilisiya da ƙungiyar Zumuntar Mata suka maye gurbin abin da aka rasa.

Na uku shi ne aure. Mishan ta tsaya a kan mace ɗaya, ta ƙi yi wa mai mata da yawa baftisma. Wannan doka ta sa magidanta da dama sun tsaya a bakin ƙofa, suna zuwa sujada ba tare da sun zama cikakkun 'yan ikilisiya ba, ta kuma jefa matan da aka saka da 'ya'yansu cikin wahala. A wannan fanni Musulunci ya fi sauƙin shiga ga dattijo, Kiristanci kuwa ya fi samun samari da mata.

Na huɗu shi ne karatu. Ana so mai bi ya iya karanta Littafi da kansa, saboda haka ajin yaƙi da jahilci ya zama ƙofar ikilisiya. Daga irin waɗannan azuzuwa ne aka sami malaman makaranta da ma'aikatan asibiti na farko a cikin Maguzawa.

5.0 Ma'aunin Maƙwabta

Idan muka dubi waɗannan alamomi, za mu ga biyun farko su ne ainihin abin da ake nema ga Bamagujen da ya musulunta. Murray Last, wanda ya yi nazarin Maguzawan wajen Malumfashi, ya nuna cewa musulunta takan zo tare da sauyin sana'a, musamman shiga fatauci, da kuma shigar mata kulle. Kiristanci ya ba da wata hanya dabam: mutum ya bar tsafi, ya sami littafi da ranar ibada da sunan annabawa irin su Musa da Ishaya da Dauda, amma ya ci gaba da nomansa, matarsa kuma tana fita gona.

Daɗin daɗawa, halayen da ake yabon mai bi da su, wato gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi, su ne dai waɗanda Kirk-Greene ya tattara a 1974 a ƙarƙashin sunan mutumin kirki. Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne. Da'awar masu wa'azi ita ce akwai mai iya kankare wannan zane, kuma shaidar da maƙwabci yake karɓa ita ce ya ga mashayin jiya ya biya bashinsa, ya daina dūkan matarsa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa sabon rai a ƙasar Gwarzo da Kabo koyarwa ce da ta zo daga waje, aka faɗe ta da kalmomin da Hausa ta aro daga Musulunci, aka kuma biya kuɗinta da gandu da gayya da aure. Jikokin waɗanda suka tuba ɗin, da yawansu sun fi so a kira su Hausawa Kirista ko Masihiyawa, domin a ganinsu sunan Maguzawa na masu tsafi ne. Muna ba da shawara ga sassan tarihi da na Hausa a kwalejojinmu da su tura ɗalibai su ɗauki bayanan dattawan waɗannan gidaje, maza da mata, tare da duba littattafan baftisma na ikilisiyoyin ƙauye, tun waɗanda suka ga abin da idonsu suna raye.