Babi na Uku: Tatsuniya da Neman Asali a Ayyukan Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, 1958-1961

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda wasu matasa ɗaliban zane suka yi amfani da tatsuniyoyin garuruwansu wajen gano salon da aka san kowannensu da shi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, kafin waɗannan ɗalibai su sami hannun zane irin nasu, sai da suka fara samun labarin da za su bayar. Za a kuma kawo ra'ayin wanda bai yarda da wannan hanya ba.

3.1 Yanayin da Ya Haifar da Ƙungiyar

Kafin shekarun 1950, hanyoyi biyu ne suka fi tasiri wajen koyar da zanen zamani a Nijeriya. Ta farko ita ce ta Aina Onabolu (1882-1963), wanda ya koyo zane a Landan da Paris, ya kuma dage a kan cewa baƙar fata zai iya zana mutum ya fito sak kamar yadda Bature ke yi. Ta biyu ita ce ta Kenneth Murray, Baturen da ya zo koyarwa a 1927, wanda shi kuwa ya fi son ɗalibai su riƙe sana'o'in gargajiya da rayuwar karkara. Wato ɗan ƙasa yana jan yara zuwa Turai, Bature yana mayar da su ƙauye.

A 1955 aka ɗauko sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Wannan kwaleji ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman sashen Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta makarantun can ce: zana jikin ɗan Adam, nazarin haske da inuwa, fitar da nisa da kusa a kan takarda, da tarihin zanen Turai. Ayyukan Ife da Benin ba su sami wani gurbin kirki ba. Abin mamaki, har kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin lardin Zazzau ɗin kansa, ba su zama ginshiƙin darasi ba.

Cikin wannan hali ne ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu a watan Oktoba na 1958. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe. Daga baya an yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya, sai dai laƙabin ya ɗan zarce abin da ya faru. Ba su ƙaurace wa aji ba, sun yi aikin da malamai suka ba su, sun kuma ci jarrabawa. Tawayen nasu yana cikin abin da suke zanawa a ɗakunansu da lokacin hutu. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Uche Okeke ya bayyana manufar ƙungiyar da sunan Natural Synthesis, wato a ɗauki dabarar zanen da aka koya a makaranta a haɗa ta da abin da mutum ya gada a gida, ba tare da an tilasta haɗin ba.

3.2 Uche Okeke: Daga Tatsuniya Zuwa Layi

Uche Okeke (1933-2016) ɗan ƙabilar Ibo ne, asalin iyayensa garin Nimo, amma a Kafancan ya tashi. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai. Yaron da ya girma a garin jirgin ƙasa, cikin ƙabilu barkatai, nesa da ƙasar kakanninsa, ba ya ganin al'adarsu a dandali kullum. Sai dai ya ji ta a bakin manya. Saboda haka tun kafin ya shiga kwaleji a 1957 ya fara tattara tatsuniyoyin Ibo yana rubutawa.

A tsakanin 1958 da 1959 ya yi jerin zane-zane da alƙalami da tawada na taurarin waɗannan tatsuniyoyi, ciki har da Nza, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai wayo. A nan ya ci karo da matsalar da aji bai tanadar masa maganinta ba. Idan aka zaunar da mutum a kan kujera, ɗalibi zai dube shi ya zana. To, dodo fa, ko aljanin da ba wanda ya taɓa ganinsa? Dole mai zane ya ƙirƙiro masa siffa. Idan aka yi la'akari da waɗannan zane-zane za a ga layuka ne masu murɗewa da nannaɗewa suka gina jikin halittun, ba haske da inuwa ba. Ke nan labarin ne ya tilasta wa hannun barin ƙa'idar makaranta.

Daga nan ne ya karkata ga uli. Uli zane ne da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, na jiki da ruwan 'ya'yan wani tsiro mai yin baƙi idan ya bushe, kusan yadda matan Hausawa ke ado da katambiri. Na jiki yana gogewa bayan 'yan kwanaki. Mahaifiyar Okeke ta san wannan sana'a, kuma ya koyi abubuwa da dama daga gare ta. Tasirin uli ya fara bayyana a zanensa mai suna Ana Mmuo na 1961, ma'ana ƙasar matattu, ya kuma fito sosai a jerin zanen Oja da ya yi a Legas a 1962. Bugu da ƙari, cibiyar al'adu da ya fara kafawa a Kafancan ya sa mata sunan Asele, wadda a labaran Ibo ita ce gwanar uli. Za a iya cewa namiji mai takardar shaida ya zaɓi ya jingina kansa ga sana'ar matan da ba a rubuta sunayensu ba. A 1971 aka buga tatsuniyoyin da ya tattara tare da zanensa, kuma bayan yaƙin basasa ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Nsukka, inda uli ya zama tambarin makarantar.

3.3 Onobrakpeya da Akolo

Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a Agbarha-Otor a 1932, ya bi irin wannan hanya da tatsuniyoyin Urhobo, musamman na kunkuru, wanda matsayinsa a can ya yi kama da na Gizo a wurin Bahaushe. Ya fi shahara a zanen ɗab'i, wato a sassaƙa hoto a kan faranti a shafa tawada a buga a takarda. Shi ne ya yi wa littafin Cyprian Ekwensi, An African Night's Entertainment, zane a 1962. Wannan littafi kuwa, kamar yadda Neil Skinner ya nuna, labarinsa ya bi sawun Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Ashe ta wannan ɓarauniyar hanya labarin Hausa ya shiga hannun ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar.

Sai dai kuma wannan ya fito da wani giɓi. Ƙungiyar a Zariya ta zauna, garin da maginansa suka shahara da zanen bango, garin masallacin Babban Gwani Mika'ilu, amma babu Bahaushe ko ɗaya a cikin mambobinta. Wasunsu sun zana kasuwa da gine-gine da mutanen gari, amma idan aka zo batun asali, kowa garinsu yake komawa. Zariya ta zame musu wurin kallo, ba wurin gado ba.

A nan ne matsayin Jimo Akolo ya cancanci kulawa. Ɗan ajin su Okeke ne, mutumin Egbe ta lardin Kabba, amma bai ɗore tare da ƙungiyar ba, domin a ganinsa bai kamata wata manufa ta gama-gari ta shata wa mai zane abin da zai zana ba. Wannan suka tana da nauyi. Idan aka ce dole ɗan Ibo ya nemo kansa a uli, ɗan Urhobo a kunkuru, to an ɗaure asalin mutum ga ƙabilarsa ke nan, alhali shi kansa Okeke rayuwar Kafancan ce ta sa masa ƙishirwar tatsuniyoyin. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyan mambobinta suka gama karatu suka nufi Ibadan da Legas da Turai. Akolo kuwa ya dawo Zariya ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, yana zana mahaya dawaki da makaɗa da 'yan dambe. Ya rasu a 2023.