Inda ya dace a haƙa tafkin bayan gida a Birnin Gwari

Wurin ninkaya irin na manyan otal ɗin Kaduna ba abin da aka saba gani ba ne a Birnin Gwari. Abin da magidanci kan haƙa a bayan gida shi ne tafkin kiwon tarwaɗa, ko ramin tara ruwan damina domin lambu da dabbobi. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024, da jama'a suka fara komawa gonaki da gidajen da suka bari a gefen dajin Kamuku, batun ajiye ruwa kusa da gida ya sake tasowa. Ko na kifi ne ko na iyo, ƙa'idar zaɓen wuri ɗaya ce, kuma idan aka zuba siminti a wurin da bai dace ba, gyara ya wuce.

Ƙasa ce ke fara yanke hukunci. Yankin na zaune kan tsohon dutse mai tauri, don haka a kan tudu mai haƙa kan ci karo da marmara tun bai yi nisa ba. A gangare kuwa laka ce, mai riƙe ruwa, sai dai a watan Agusta ruwan ƙarƙashin ƙasa kan taso har ya tsaga tafkin siminti, ko ya ɗaga shi idan babu ruwa a ciki. Gwajin ba ya cin kuɗi: a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, a cika shi da ruwa, a duba washegari. Wanda ya duba filinsa da rani kaɗai bai san ta inda ambaliya ke bi ba.

Sai nauyi. Tafki mai tsawon mita 5, faɗin mita 3 da zurfin mita 1.2 yana cin lita 18,000, wato tan 18 na ruwa. Ɗigon da ba a lura da shi ba ya isa ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube, ta mai gida ko ta maƙwabci. A nisanci masai, musamman idan yana sama da tafkin. Mita 30 ne ma'aunin da aka saba bai wa rijiya. Inuwar mangwaro da darbejiya tana da daɗi, amma saiwarsu na fasa bango, ganyensu na ruɓar da ruwa.

Akwai hatsarin da ya keɓanci ƙasar zinare. A 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, shekara biyar bayan ta kashe ɗaruruwa a Zamfara. A duka wuraren biyu, niƙa dutsen zinare a cikin gari ne ya kai gubar tsakar gida. Filin da aka taɓa daka ko wanke irin wannan dutse bai cancanci tafki ba, haka ma wanda ruwan sama ke gangarowa cikinsa daga can.

Mafi yawan masu gida sun fi son ɓoye tafki a lungu, bayan ɗakuna, saboda sutura. Wannan shi ne zaɓi mafi muni a gidan da ke da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka nutse a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro kan nutse shiru, babu ihu. Tafkin ya kasance inda mai girki za ta hango shi daga madafi, a kewaye shi ta ɓangare huɗu da shinge mai tsayin mita 1.2 aƙalla, sakatar ƙofar kuma a sa ta inda hannun ɗan yaye ba ya kaiwa.