Daga Zunguru Zuwa Dayis: Yadda Ƙunshi Ya Sauya a Hannunmu

A ɗakin kakata a Kurfi akwai wani dogon ƙoƙo rataye a bango. Ina yarinya na ɗauka na ajiyar iri ne, sai daga baya ta ce min zunguru ne. A cikinsa ake zuba kwaɓaɓɓen lalle, mace ta zura hannu har gwiwar hannu, ta zauna awanni. Ƙafa kuwa a shafa mata lalle, a naɗe da ganye da tsumma, a kwana da shi. Sunan ƙunshi ma daga wannan ƙunshewar ya fito.

Shi lalle ya daɗe a duniya. An ga alamarsa a gashin wasu gawarwakin tsohuwar Masar da aka adana shekaru dubbai. A Afirka ta Yamma kuwa, masanin Andalus al-Bakri, a littafin da ya kammala wajen 1068, ya ambaci bishiyoyin lalle a Audagust, wani birnin fatake a Muritaniya ta yau. Ko sunansa ma shaida ne. Larabawa suna cewa hinna, mu muna cewa lalle, Fulani nalli, Yarabawa laali, kuma masu binciken harshe suna danganta waɗannan da kalmar Buzaye, anella. Ke nan da alama hanyar ayarin Sahara ya biyo ya iso mana.

Da ya iso, sai ya zama ginshiƙin aure. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga a 1954. A ciki ta bayyana yadda ake kama amarya a sa mata lalle tana kuka tana turjewa, ta yi kwanaki cikin ƙawaye kafin a kai ta. Har yau idan aka ce "an sa ta a lalle", kowa ya san biki ya kankama. Ban da aure, ana ƙunshin sallah da na suna, dattawa suna rina gemu, wasu kuma suna shafa shi don kaushi da zafin ƙafa.

To me ya sa tsofaffi suke kwana da shi? Amsar tana cikin ganyen. Bishiyar, wadda masana ke kira Lawsonia inermis, tana fitar da wani sinadari mai suna lawsone idan an daka ganyen an kwaɓa. Shi ne yake shiga fata a hankali ya manne da keratin, wato abin da ya gina saman fata da farce da gashi. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kauri, shi ya sa suka fi kamawa. Da an wanke za ki ga ruwan goro, bayan kamar kwana 2 ya nuna ya yi ja sosai. Yana gogewa ne yayin da fata ke sabuntawa, cikin mako 2 zuwa 3, na farce kuma sai farcen ya tofo. Abin lura a nan: ganyen lalle ba ya gaggawa, kuma shi kaɗai ba ya ba da baƙi wuluk.

Daga baya aka shigo da ƙunshin salatif, ana yanka shi a manna don fitar da zane. Sai kuma zanen fulawa da dayis, wanda cikin minti kaɗan ya yi baƙi. Yawancin irin wannan baƙin daga sinadarin PPD yake, na rinin gashi, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi a fata ba. Bara a wani biki a Dutsin-Ma, wata 'yar'uwata ta yi shi. Bayan mako guda zanen ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa, fulawar ta fito raɗau a matsayin tabo. Garin neman gira, an kusa rasa ido. Kuma duk wadda jikinta ya taɓa ƙin PPD, yakan ci gaba da ƙinsa har tsawon rayuwa, ko a rinin gashi.

Shi ma jan lallen yana da iyaka. Likitoci sun rubuta yadda ya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jarirai masu ƙarancin G6PD, larurar gado da take da yawa a Najeriya. Don haka a bar jarirai ba ƙunshi.

A Disamban 2024 UNESCO ta sa al'adar lalle cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Najeriya ba ta ciki, alhali muna da zunguru da kamu da zaman lalle. Kafin mu nemi a san namu, sai mu riƙe shi tukuna. Sallah mai zuwa, idan kin zauna gaban mai ƙunshi, ki tambaye ta me ta kwaɓa. In ta ce minti 20 ya isa ya yi baƙi, ki sani ba abin da kakanninmu suka kwana da shi ba ne.