Mai da Tartsatsi: Tarihin Injin Jirgin Sama a Kano

Ran 1 ga watan Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, waɗansu jiragen sama guda uku suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Su ne na farko da mutanen ƙasar suka taɓa gani. Na sojan saman Ingila ne, shugaban tafiyar kuwa wani hafsa ne ana ce da shi Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, ran 27 ga Oktoba, suka biyo ta Kartum da Fashir da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena. Hanyar nan ita ce alhazai kan bi da ƙafa ko bisa jaki, su yi wata da watanni. Ga shi an yanke ta cikin kwana shida.

Kowane jirgi cikin ukun nan inji guda ke gare shi, sunansa Liberty, ƙirar Amurka, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. Aikinsa bai bambanta da na injin ban ruwa da manoman Zakirai ke kaiwa fadama ba. Fistin ya yi ƙasa ya shaƙo iska gauraye da fetur, ya komo sama ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta, ƙarfin wutar ya tura fistin, sa'an nan hayaƙi ya fita. Bambancin ɗaya ne. Injin ban ruwa in ya mutu, mai shi ya zauna gindin bishiya ya kwance fulogi ya goge. Na jirgi kuwa in ya mutu bisa daji, rai ne a bakin gargara. Saboda haka tun farko masu ƙera shi suka kafa ƙa'ida, cewa duk abin da rai ya rataya a kansa, ba a dogara ga guda ɗaya, kuma ba a tashi sai an jarraba shi.

A fara da mai. Jirgin wancan zamani ba ya iya ɗaukar fetur da zai kai shi daga Masar zuwa Kano, sai an tanadi mai a kowane zango tun kafin ya iso, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin garwa mai galan huɗu ake zuba fetur da kananzir a lokacin, irin garwar nan da masu sayar da ruwa suka gāda har aka riƙa ce musu 'yan garuwa. Babban magabcin fetur ruwa ne da ƙura. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, in ya kai ga kafireto inji ya shaƙe. Don haka akan tace man kafin a ɗura, kuma har yau matuƙin ƙaramin jirgi yakan tsiyayi kaɗan daga gindin tanki ya duba da idonsa. Kafireto shi ke gauraya iska da mai, misalin kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. To, iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, sai aka sa wa matuƙi wani hannu da zai riƙa rage mai da shi in ya yi nisa sama.

Sai kuma tartsatsi. Hanya biyu ke akwai ta samar da shi. Ta farko maganeto, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya kyautata a shekarar 1902. Maganaɗisu ne ke juyawa kusa da naɗaɗɗiyar waya, inji na juya shi, shi kuwa yana haifar da wutarsa da kansa, ba ruwansa da batir. Ta biyu batir da kwayil, irin ta mota. Injin Liberty wannan ta biyun aka sa masa. Amma kowace silinda fulogi biyu gare ta, watau 24 ke nan, an raba su layi biyu, ko ɗaya ya ƙi, ɗayan na nan yana ci.

Daga baya maganeto ne ya rinjaya a jiragen sama, dalili kuwa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ko batir ya mutu, ko wayoyin jirgi duka sun ƙone, inji mai maganeto ba zai tsaya ba. Guda biyu ake sa wa kowane inji, kowanne da nasa fulogai. Kafin jirgi ya tashi matuƙi yakan tsaya a bakin fili, ya kashe na dama ya saurari inji, ya kunna shi, ya kashe na hagu. In ƙarfin inji ya faɗi fiye da ƙima, an fasa tafiya ke nan sai makaniki ya duba. Akwai kuma hatsarin da ke tattare da shi. In wayar da ke kashe maganeto ta tsinke, inji na iya tashi da zarar an murɗa farfela, ko da makulli na kashe. Shi ya sa ake hana kowa wasa da farfelar jirgin da ke tsaye.

A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Kartum zuwa Kano da jirage masu inji huɗu, daga baya hanyar ta zarce Ikko. Da Yaƙin Hitila ya toshe hanyar Bahar Rum, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu. Can ake harhaɗa su, su taso ayari ayari ta Ikko da Kano da Maiduguri da Kartum har Masar. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi hanyar nan. Ƙurar hanya ta wahalar da injuna ƙwarai, ta sa aka ɗaura musu manyan matatan iska. A zamanin nan ne kuma aka koma ga fetur mai lamba 100, wanda ake sa wa sinadarin darma don kada ya fashe cikin silinda kafin lokacinsa, gama irin wannan fashewar takan huda kan fistin.

Lantarki ma ya ƙaru sannu a hankali. Jiragen farko da hannu ake murɗa farfelarsu. Da injuna suka yi girma aka sa musu sitata, da dainamo mai cika batir, ga rediyo, ga fitilu na sauka da dare. Duk da haka ba a haɗa wutar nan da ta maganeto ba, kowace da hanyarta.

Bayan yaƙi Kano ta zama babban zangon shan mai tsakanin Turai da kudancin Afirka. Wajen 1957 jirgin Stratocruiser ya riƙa sauka, mai inji huɗu, kowane inji silinda 28 da fulogi 56, watau fulogi 224 ke nan a jirgi guda. Daga nan sai jiragen jet masu shan kananzir suka karɓe manyan hanyoyi, kuma da suka iya dogon zango ba tsayawa, masu yada zango a Kano don mai kawai suka ragu.

Injin fistin dai bai ɓace ba. Da ƙananan jirage masu irinsa ake fara koya wa matuƙa tuƙi, kamar a makarantar jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Fetur ɗinsu akan rina shi shuɗi don kada a ruɗe shi da kananzir ɗin jet, wanda ke lalata injin fetur. Ƙaramin injin ban ruwa ma da maganeto yake aiki, shi ya sa igiya kaɗai ake ja ya tashi ba batir. Manomin da ya tace mansa, ya rufe tanki don ƙura, ya ajiye fulogi na biyu cikin aljihu kafin ya tafi fadama, ƙa'idar matuƙan jirgin sama yake bi.