Sa'a Ta Fi Sammako: Tarihin 'Yan Sama Jannati Da Rana



Makon jiya muna zaune a rumfar Babana a nan Sabon Shagamu, ana ɗaure huhunan goro da za a loda zuwa Sakkwato, sai hira ta kai mu kan masu tafiya duniyar wata. Wani abokin cinikin Baba ya ce shi bai ga abin da ya haɗa mu da wannan zance ba, mu da muke fama da kuɗin mota da na lebura. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi mini, ya ce, "Kai da ka yi boko, su wa suke tambaya labarin hanya kafin su tashi?" Domin shi a ƙa'idarsa ba ya sakin mota sai ya kira direbobin da suka sauko daga Arewa ya ji halin da hanya take ciki. A lokacin ban da amsa. Na yi kwanaki ina karance-karance, kuma abin da na gano shi ne, babban abin tsoro a waccan hanya ita ce wannan Ranar da muke shanya kaya a cikinta.

Bari mu faro daga tushe. Ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyat ya zama mutum na farko da ya shiga sararin samaniya, ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108. Amurka ta biyo baya da John Glenn ranar 20 ga Fabrairu, 1962, ya yi kewaye uku. A nan ne zancen ya taɓo gida, domin hukumar NASA tana da tashar bin sawun kumbo a Kano a wancan lokaci. Da Glenn ya zo saitin ƙasarmu ya gaya wa ma'aikatan tashar cewa yana hango guguwar ƙura, su kuma suka amsa masa cewa ai an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya san Kano a watan Fabrairu ya san hunturu ne mutumin ya gani daga sama.

Su Gagarin da Glenn ba su yi nisa ba, 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai. A wannan tazara akwai garkuwa, wato ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda yake kare mu daga mafi yawan burbushin da Rana take fesowa. Shi kuwa wata yana da nisan kusan kilomita 384,000, mai zuwa can dole ya bar inuwar wannan garkuwa. Daga 1968 zuwa 1972 mutum 24 suka yi wannan tafiya a shirin Apollo, 12 daga cikinsu suka taka wata, na farkonsu Neil Armstrong a watan Yulin 1969. NASA ta kafa na'urorin hangen Rana domin gargaɗi, amma ilimin lokacin bai kai a ce ga ranar da za ta yi bore ba.

To ga inda sa'a ta yi aikinta. Kumbon Apollo 16 ya dawo duniya ranar 27 ga Afrilu, 1972, shi kuma Apollo 17 bai tashi ba sai 7 ga Disamba. A tsakanin nan, ranar 4 ga Agusta, Rana ta yi wani aman wuta da ya iso duniya cikin awa 15 ba kaɗan, alhali irinsa yakan ɗauki kwana biyu ko uku a hanya. Ya katse wasu dogayen layukan waya a Amurka. A gaɓar tekun Biyetnam, inda ake yaƙi a lokacin, nakiyoyin ruwa da sojan Amurka suka dasa, masu tashi idan sun ji ƙarfen jirgi, suka riƙa fashewa da kansu ba jirgin da ya zo kusa. Masana sun yi lissafi daga baya cewa da a ce akwai mutum a kan wata a ranar, ba abin da ya raba shi da Rana sai rigar jikinsa, da ya kamu da mummunan ciwon da kan iya kai shi kushewa. Wata huɗu gaba, wata uku baya, aka yi saɓani.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba, don haka aka duƙufa neman sanin halin Rana. A watan Mayun 1973 Amurka ta harba tashar Skylab, wadda take ɗauke da manyan na'urorin hangen Rana. Tun wajen tashi rufin da ke kare ta daga zafi ya yage, cikinta ya haura digiri 50, sai da Pete Conrad da abokan tafiyarsa biyu suka je suka kafa mata wata irin laima sannan ta zaunu. Ayari uku suka zauna a ciki, na farko kwana 28, na biyu 59, na uku 84, suka ɗauko hotunan Rana fiye da 100,000. Daga nan aka ƙara fahimtar yadda take tumbuɗo gajimaren wuta, da kuma wasu wurare masu duhu a rawaninta inda iska mai gudu take fitowa. Abin mamaki, Ranar da tashar ta je kallo ita ta gaggauta ajalinta. Da Rana ta tsananta a ƙarshen shekarun 1970, iskar saman duniya ta kumbura ta riƙa jan tashar ƙasa, har ta faɗo ranar 11 ga Yuli, 1979, tarkacenta ya watsu a yammacin Ostireliya.

Idan mai karatu yana ganin abin na mutanen sama ne kaɗai, to ya saurara. A watan Maris na 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lardin Kubek na Kanada, mutum wajen miliyan 6 suka yi awa 9 cikin duhu. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, guguwar Rana ta sa 38 suka faɗo suka ƙone. A Mayun 2024 aka yi wadda ba a ga irinta ba tun 2003, har na'urar GPS ta rikice wa manoman Amurka ana tsakiyar shuka. Ita ce dai na'urar da ke cikin wayar da direbobinmu suke duba hanya da ita.

Yanzu an kai ga aika ɗan leƙen asiri har ƙofar gidan Rana. A 1958 wani masani mai suna Eugene Parker ya ce akwai iskar da take kwararowa daga Rana ba dare ba rana, mutane da yawa ba su yarda ba sai da kumbuna suka auna ta. A 2018 NASA ta harba kumbo marar matuƙi da sunansa, yana raye yana kallo. A 2021 kumbon ya kutsa cikin rawanin Rana, wurin da zafinsa ya wuce digiri miliyan 1 alhali fuskarta kusan 5,500 ce, abin da har yau masana suke ƙoƙarin warwarewa. Ranar 24 ga Disamba, 2024, ya matsa har kilomita miliyan 6.1 daga gare ta, mu kuwa muna nisan miliyan 150. A 2025 kuma kumbon Turai mai suna Solar Orbiter ya aiko da hotunan farko na ƙuryar kudancin Rana.

Duk wannan wahala saboda ana son komawa wata, inda rabon da a taka tun Disambar 1972. A gwajin Artemis na 2022 ba a sa mutum a kumbon ba, mutum-mutumi aka zaunar ɗauke da na'urori, aka sa wa ɗaya rigar kariya aka bar ɗaya haka, don a auna abin da jiki zai sha a hanya.

Da na koma na zayyana wa Baba wannan duka, sai ya ce, "Ashe su ma sai da suka tsallake rijiya da baya sannan suka koyi tambaya." Ya juya ya ce wa yara su ja huhunan can cikin inuwa, rana ta fara taɓa su.

Allah ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.