Sabon Ibadan: Unguwar da Shanu da Goro Suka Gina

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwar da ake kira Sabo. Jirgin ƙasa bai daɗe da isa Kano ba a lokacin, fatauci ya buɗe, shanu na gangarawa kudu, goro na hawowa arewa. Hajojin nan biyu kuwa ba sa jiran kowa. Saniya in ta daɗe a kurmi, ƙudan tsando ya sa mata sammore ta rame. Huhun goro in ba a buɗe ana tsince shi ba, sankara ta cinye.

To, ga falke ya iso da garke, ba ya jin Yarbanci, mahautan gari kuma ba sa biya nan take, sai bashi. Wa zai tsaya masa? Mai gida. Shi zai sauke shi, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalin da ya san mahauta ciki da bai: wane yana cika alkawari, wane sai an bi shi har gida. In mahauci ya ci bashi, sunan mai gida ne ke ɓaci har can arewa, don haka shi ke ɗaukar nauyin. Dukiya mai yawa ta riƙa sauya hannu da fatar baki kawai.

Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ni a ganina, duk ɗalibin ilimin zamantakewa da manyan mazhabobin fannin suka rikita shi, a kai shi wannan unguwa.

Mabiyin Emile Durkheim na Faransa zai ce kowane sashe na al'umma yana da aikin da yake yi domin sauran: Sarkin Hausawa na sasanta rigima, malami na ɗaura aure, mai gida na tsare amana, shi ya sa unguwar ta tsaya. Almajirin Karl Marx ba zai gamsu ba. Zai tambayi wa ya mallaki gidajen da baƙi ke sauka, nawa yaron gida ke samu bayan ya wuni a kara, kuma me ya hana Bayarabe shiga harkar. Tambayoyin nan suna da ɗaci, amma dole a yi su.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne farkon shekarun 1950. Siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon da Turawa suka jingina wa Sarkin Hausawa ya soma raurawa, sai mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu. Cohen ya fassara wannan da cewa hanya ce ta sake ɗaure kan jama'a don kada cinikin ya kuɓuce musu. Akwai gaskiya a ciki, amma ban yarda ta ƙare a nan ba. Max Weber na Jamus ya koyar da cewa a fara fahimtar ma'anar da mutum da kansa ya ba aikinsa, kuma dattijon da ke zama wazifa bayan la'asar Allah yake nema, ko da zaman ya ƙara masa aminci a kasuwa.

Irin Sabo suna nan da yawa, daga zangon Kumasi zuwa Shagamu. Ɗalibanmu na jami'a, ku je ku zauna da tsofaffin masu gida da dillalai, ku rubuta abin da suka sani tun suna da rai.