Tikitin abokin tafiya na katin bashi: mene ne shi, kuma wa ke biyan kuɗinsa?

Tikitin abokin tafiya wata garaɓasa ce da bankuna da kamfanonin jiragen sama ke bai wa masu riƙe da manyan katunan bashi: mai kati ya sayi tikiti ɗaya, wanda zai raka shi ya samu kujera kyauta ko da rangwame. A Amurka da Birtaniya tsarin ya fi kafuwa. Matashin da ke Wurno ko Rabah ko Goronyo bai cika cin karo da shi ba sai a bidiyon masu tallar tafiye-tafiye. Duk da haka ya cancanci a fahimce shi, domin tun a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar CrediCorp don faɗaɗa sayen kaya a kan bashi, kuma irin wannan garaɓasa ce ƙugiyar da ake jawo mutane da ita a ƙasashen da suka riga mu nisa a harkar.

Da farko a bambance katuna biyu. Wanda ake miƙa wa mai POS a kasuwar Goronyo katin cirar kuɗi ne, abin da mutum ya ajiye shi yake kashewa. Katin bashi kuwa kuɗin banki ake kashewa, a biya a ƙarshen wata, in an makara kuɗin ruwa ya hau. Alƙaluman Bankin Duniya na 2021 sun nuna masu irin wannan kati ba su kai uku cikin ɗari na manyan Najeriya ba.

Yadda tsarin yake aiki

Katin Delta SkyMiles Platinum na kamfanin American Express, wanda kuɗin riƙonsa ya koma dala 350 a shekara daga 2024, yana bayar da takardar abokin tafiya guda ɗaya duk lokacin da aka sabunta shi. A shekarar farko babu komai. Takardar na aiki ne a cikin Amurka da yankin Karebiyan da Amurka ta Tsakiya, a wasu rukunan kujeru kaɗai, kuma mai kati ne zai biya harajin kujera ta biyu. Na kamfanin Alaska Airlines bai ma kira kansa kyauta ba: abokin tafiya na biyan dala 99 da haraji.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na British Airways, tunda jiragensa na zuwa Abuja da Legas daga Landan. Katin Premium Plus na cin fam 300 a shekara, kuma daga Nuwamban 2024 sai an kashe fam 15,000 da shi cikin shekara kafin a samu takardar. A canjin 2025 wannan ya kai kimanin naira miliyan 30, wato albashin fiye da shekara talatin na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Bayan haka, da makin Avios ake sayen kujerar farko, kujerun da ake warewa don maki kaɗan ne, kuma haraji da sauran caji na mutum biyu suna kan mai kati. Sai mazaunin Birtaniya ke iya neman katin.

Amfaninsa da iyakarsa

Amfanin na gaskiya ne ga mutum ɗaya tak: wanda dama zai yi tafiyar, da abokin tafiya, a lokacin da tikiti ke da tsada, kuma yana biyan bashin katinsa cif-cif kowane wata. A ɗauka tikitin dala 500 ne. In aka cire dala 350 na riƙon kati da harajin kujera, abin da ya rage a aljihu bai wuce dala ɗari da 'yan kai ba. In kuwa mai katin ya bar bashin dala 2,000 ya shekara a kansa, a kuɗin ruwan da ya haura kashi 20 cikin ɗari kamar yadda aka saba a Amurka a 2024, ya biya fiye da dala 400. Garaɓasar ta tafi, har da ƙari.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Takardar na da wa'adi, kuma kujerunta kan ƙare ne daidai lokacin bukukuwa da hutun makaranta, lokacin da iyali suka fi buƙatar tafiya. Wasu kan ƙirƙiri tafiyar da ba su yi niyya ba don kada takarda ta lalace, ko su ƙara kashe kuɗi don cika sharaɗi. Kamfanonin sun san da haka, kuma da shi suka yi lissafinsu.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Nan ne batun ya zama siyasa. Duk sayayyar da aka yi da katin bashi a Amurka, ɗan kasuwa na rasa kusan kashi biyu cikin ɗari, wani lokaci fiye. Daga wannan kaso, da kuɗin riƙon kati, da kuɗin ruwa, banki ke sayen maki da kujeru a wurin kamfanin jirgi. A 2023 kaɗai Delta ya karɓi dala biliyan 6.8 daga American Express. Ɗan kasuwa kuma ba ya haɗiye asarar. Yana ɗora ta a kan farashin kaya ga kowa, har da mai biya da tsabar kuɗi. Wani bincike da reshen babban bankin Amurka na Boston ya fitar a 2010 ya nuna tsarin na kwasar kuɗi daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi zuwa na masu hali. Tarayyar Turai ta ƙayyade wannan kaso a 0.3 cikin ɗari a 2015, shi ya sa garaɓasar katuna ta yi ƙaranci a can.

A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade abin da ake cira daga ɗan kasuwa a kashi 0.5 cikin ɗari, kuma kada ya wuce naira 1,000. Da wannan ɗan kaso ba za a iya raba kujerun jirgi ba. Duk bankin da ya yi alƙawarin haka a nan, to daga kuɗin riƙon kati ko kuɗin ruwa zai fanshe, a ƙasar da babban bankin kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ga al'ummar da mafi yawanta ke guje wa riba saboda addini, wannan kaɗai ya isa ya rufe ƙofa, ko da an yi niyyar biya a kan kari.

Ko da an samu takardar, sai an kai filin jirgi. Manomin albasa ko shinkafa na fadamar Rima sai ya bi hanyar da matsalar 'yan bindiga ta sa ake shiga da fargaba kafin ya isa filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato, inda zirga-zirgar yau da kullum ta fi karkata zuwa Abuja. Tafiyar mutum biyu da aka fi tara wa kuɗi a yankin ita ce Hajji da Umra, kuma kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ake biyanta a dunƙule, babu katin da ke rage ko sisi a cikinta.